Bashin Waya da Tonon Asiri: Ina Sabuwar Ƙa'idar Lasisi Ta Tsaya?

A wani lungu na Maamobi a birnin Akra, bayan la'asar, wata dattijuwa mai koko da ƙosai ta miƙa wa ɗan ƙanenta wayarta. "Kai, duba min nan. Da Turanci aka turo, kuma na ga hoton yaron nan tela." Ya karanta, ya yi shiru. Saƙon ya ce telan ɓarawo ne, ya ci kuɗin kamfani ya ɓuya, kuma wai ita ce ta tsaya masa, don haka ta nemo shi kafin magariba ko ita ma a watsa hotonta. "Gwaggo, ba ki ci bashin kowa ba," in ji shi. "Lambarki ce kawai take cikin wayarsa." Ta ce, "To, wa ya ba su?"

Da wuya ka zauna a Nima, Fadama, Sabon Zango ko Madina ba ka ji labarin irin wannan saƙo ba. Shi ya sa da Babban Bankin Ghana ya sanar cewa daga watan Nuwamba na 2025 zai fara karɓar takardun neman lasisi daga kamfanonin da ke ba da rance ta waya, zancen ya shiga wuraren shan ataya, kowa da fassararsa. Wasu sun ce gwamnati ta halatta wa masu zagin mutane sana'arsu. Wasu sun ce duk bashin da aka ci a hannun marasa lasisi ya faɗi. Akwai kuma masu tsoron cewa rancen MoMo, wato asusun kuɗi na kan layin waya, da suke juya jari da shi ne za a rufe. Duk fassarorin uku sun kauce, domin sun cakuɗa abubuwa biyu da doka ta raba: wanda aka yarda ya ba da bashi, da kuma abin da aka yarda ya yi da bayanan mutane.

Masu ba da rancen ba iri ɗaya ba ne

Kashi na farko shi ne rancen da ake ɗauka ta cikin asusun MoMo, irin Qwikloan na layin MTN. Kamfanin waya hanya ce kawai a nan. Kuɗin na wata cibiyar kuɗi ce mai lasisin Babban Banki, kuma abin da ake dubawa kafin a ba ka shi ne yadda kuɗi ke shiga da fita a asusunka. Kashi na biyu manhajoji ne na bankuna da ƙananan kamfanonin rance da su ma suke ƙarƙashin Babban Banki, suna da ofis da adireshin da za a iya zuwa.

Kashi na uku ne ya jawo maganar. Manhajoji ne da ake ganin tallarsu a Facebook da TikTok, ko a turo wa mutum mahaɗinsu ta WhatsApp. Ba su da lasisi, ba a san ofishinsu ba, kuma sunansu na yau ba lallai ya zama na gobe ba. Sabuwar ƙa'idar ta ƙirƙiro rukunin lasisi na musamman ne ga kamfanin da sana'arsa ita ce ba da ƙaramin rance na ɗan lokaci ta waya kaɗai, da sharuɗɗa kan jari, shugabanci da kare mai karɓar rance. Wanda ya cika ya shigo fili. Wanda bai cika ba yana nan a matsayinsa na da, wato mai karya doka.

Kalma ta biyu da ya kamata a fayyace ita ce "bayanan mutum". A doka, duk abin da za a iya gane mutum da shi ya shiga ciki: suna, lambar waya, hoto, lambar Ghana Card (katin ɗan ƙasa), wurin zama. Lambar Gwaggo da ke cikin wayar tela bayaninta ne ita, ko da a wayar wani take zaune.

Jinginar da ba a ambata

Banki yakan nemi takardar fili, ko takardar albashi, ko mai tsayawa. Manhajar nan ba ta neman ko ɗaya, kuma a nan mutane da yawa ke ɗauka an yi musu alheri. Jingina tana nan, kafin ma a yi maganar kuɗi aka karɓe ta.

Da zarar an sauke manhajar, ƙananan tambayoyi suke fitowa ɗaya bayan ɗaya: a ba ta izinin ganin lambobin waya, saƙonni, hotuna, kyamara, da wurin da wayar take. Mai neman sidi ɗari biyu na maganin yaro da ƙarfe goma na dare ba ya tsayawa karatu, dannawa yake yi. In ya ƙi ɗaya, manhajar ba ta wucewa gaba. Sai a nemi hoton Ghana Card gaba da baya, da hoton fuskarsa riƙe da katin, da lambobin 'yan uwa biyu. Cikin 'yan mintuna kuɗi ya faɗo MoMo.

A cikin waɗannan mintunan, an kwafe jerin lambobinsa gaba ɗaya zuwa kwamfutocin kamfanin. Saƙonnin MoMo da ke wayarsa sun nuna musu nawa yake samu da ranar da kuɗi ke shigo masa. Goge manhajar daga baya ba ya dawo da komai, kamar dai mutum ne ya rufe ƙofa bayan an gama kwashe kaya. Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa ta sha yin gargaɗi cewa wasu manhajojin ma turo kuɗin suke yi ba tare da mutum ya nema ba, da zarar ya yi rajista, sannan bayan mako guda su fara neman a biya da ruwa.

Lissafin kuɗin ma yana da ɓoyayyen gefe. A ɗauki misali: mutum ya nemi sidi 500, aka cire 150 da sunan kuɗin aiki, 350 suka shigo hannunsa, aka ce ya biya 500 nan da kwana bakwai. Abin da ya biya a kan abin da ya taɓa da hannunsa ya kusa kashi 43 cikin 100, a mako ɗaya tak. In ranar ta zo babu, mafita mafi kusa ita ce manhaja ta biyu, a ci a biya ta farko. Haka mutum ke wayar gari da bashi biyar da lambobinsa a hannu biyar.

Tsarin karɓar bashin yana tafiya mataki-mataki. Kira da saƙon tunatarwa tun kafin wa'adi ya cika, sai zagi, sai barazana, sai a fara kiran na kusa. Daga nan a haɗa hoton da ya ɗauka riƙe da katinsa da rubutun "ɓarawo" ko "ana nemansa", a tura wa duk wanda ke jerin. An samu inda aka haɗa hoton mutum da na tsiraici, ko aka buga sanarwar mutuwarsa yana raye.

Dalilin da ya sa wannan makami ya fi kaifi a zango a bayyane yake ga wanda ya san zaman. Buɗe wayar tela ɗaya ka gani: limamin masallacinsu, surukinsa, malamin makarantar 'ya'yansa, Hajiyar da ke ba shi yadi bashi daga kasuwar Makola, mai karɓar susu (ajiyar kuɗi irin ta adashi), matan da ke kawo ɗinkin biki da suna, da yayansa da ke Jamus ko Amurka mai turo ɗan abin sallah. Mutumin da ba shi da fili ba shi da albashi, da sunansa yake ciniki. Da shi ake ba shi kaya ya sayar ya kawo kuɗi, da shi ake sa shi a zubin adashi, da shi ake ba shi aure. Masu manhajar sun gane cewa abin da Bahaushe ke roƙon Allah a kai kullum, rufin asiri, yana da farashi, kuma mutum zai sayar da keken ɗinkinsa don ya fanshe shi.

Yadda aka zo nan

MoMo ya fara a Ghana a 2009, kuma a 2018 aka haɗa layukan ta yadda kuɗi ke tsallakawa daga wannan kamfani zuwa wancan. Hanyar tura kuɗi ga kowa cikin daƙiƙa ta samu ke nan. A daidai lokacin kuma ƙofofin rancen talaka suna rufewa. A gyaran harkar kuɗi da aka yi tsakanin 2017 da 2019, Babban Banki ya soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347 a rana ɗaya cikin Mayun 2019, ban da bankuna da kamfanonin ajiya da rance da suka rushe. Sai korona ta zo, sai faɗuwar sidi, har hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disambar 2022. Buƙata ta yi yawa, masu bayarwa na halal sun yi kaɗan, ga wayar Android a hannun kowa, ko da ta hannu ce daga kasuwar waya ta Circle.

Hukuma ta fara da gargaɗi. A Yunin 2023 Babban Banki ya fitar da sunayen manhajoji 97 da ya ce ba su da lasisi. A watan Yuli, haɗin gwiwar Babban Bankin da hukumar EOCO mai yaƙi da laifukan kuɗi da Hukumar Tsaron Intanet suka kai samame a Akra, aka kama sama da mutum 400. Kusan dukkansu 'yan ƙasa ne, matasan da aka ɗauka aikin kira da tura saƙo, baƙi 'yan ƙalilan ne a ciki. Google ma daga ƙarshen Mayun 2023 ya hana manhajojin rance da ke Play Store neman izinin ganin lambobi da hotuna. Matakin ya rage, bai kashe ba, domin manhajar da aka turo ta mahaɗi aka sauke kai tsaye ba ta bi ta ƙofar Google balle dokarsa ta hau ta.

Kenya da Najeriya sun riga Ghana zuwa wannan mataki. Dukkansu a 2022 suka kafa tsarin rajista ko lasisi ga masu rancen waya, bayan irin wannan kuka na tonon asiri.

Dokar da ke nan tun kafin lasisi

Abin da aka fi mantawa a muhawarar shi ne cewa tura wa mutane hoton mai bashi bai taɓa zama halal ba. Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin gidan mutum da wasiƙunsa da sadarwarsa. Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta wajabta wa duk kamfanin da ke tara bayanan mutane ya yi rajista da Hukumar Kare Bayanai, ya karɓi iya abin da aikin ke buƙata, kuma kada ya yi amfani da shi a wata manufa daban da wadda aka karɓa dominta. Ta ba mutum damar tambayar abin da aka ajiye a kansa, da neman a daina amfani da shi in yana jawo masa cutarwa, da neman diyya.

Masu manhajar sukan ce ai mai rancen ya danna "na yarda". Ko an karɓi wannan hujja, iyakarta kansa. Tela ba shi da ikon yarda a madadin Gwaggo, ko limami, ko mutum ɗari huɗu da ke wayarsa. Haka kuma sa lambar mutum a gurbin "ɗan uwa" ba ya mai da shi mai tsayawa. Tsayawa alkawari ne da mutum ke ɗauka da kansa, da saninsa. Wanda bai yi ba, ba a bin sa ko kwabo.

Dokar Tsaron Intanet ta 2020, mai lamba 1038, ta mai da watsa hoton tsiraicin mutum ba da yardarsa ba, da barazanar yin hakan, laifin da ake ɗauri a kai. Hukumar Tsaron Intanet tana karɓar ƙorafi ta lambar 292, kira ko saƙo. Ɓata suna zalla kuwa, tun da aka soke dokar da ta mai da shi laifin ɗauri a 2001, ƙara ce da mutum zai shigar da kansa, da lauyansa da kuɗinsa. Ga wanda sidi 300 suka gagara, wannan hanya a rubuce kawai take.

Inda ake ja-in-ja

Masu goyon bayan lasisi suna cewa kame ya gwada ƙarfinsa bai isa ba. Muddin mutane na buƙatar kuɗin gaggawa, in an rufe manhaja goma, ashirin za su fito. Gara a buɗe ƙofa ga masu son yin sana'ar da gaskiya, a san sunansu da ofishinsu da masu jarinsu, ta yadda wanda ya zagi abokin hulɗa yana da abin da zai rasa. Hujja ce mai ƙarfi, domin lasisi shi ne abu na farko da hukuma za ta iya ƙwacewa ba tare da jiran shari'a ba.

Masu shakka suna cewa wanda ya shekara yana aiki a ɓoye yana cin riba ba shi da dalilin zuwa neman takarda. Masu lasisi za su ɗauki abokan hulɗa masu kyakkyawan tarihi, su bar sauran, kuma sauran nan su ne dai za su koma hannun 'yan ɓoye. Suna kuma nuni da cewa aikin ya rarrabu: lasisi na Babban Banki, bayanai na Hukumar Kare Bayanai, barazana ta Hukumar Tsaron Intanet da 'yan sanda, layin waya na hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA. Wanda aka watsa hotonsa yau da safe bai san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa ba.

Masu ba da rance, har da na halal, suna da nasu kukan, kuma ba ƙarya ba ne: akwai masu ci da niyyar ƙin biya. Lokacin sabunta rajistar layuka da Ghana Card, wanda aka fara a Oktoban 2021, wasu sun bar layukansu suka mutu da gangan don bashin MoMo ya bi layin, har Babban Banki ya fito a 2022 ya yi gargaɗin cewa sunayensu suna wurin hukumomin tara tarihin bashi. Kowane wanda ya gudu, ruwan da ake ɗora wa mai biya ne ke ƙaruwa. Sai dai wannan kuka hujja ce ta a gyara hanyar bin bashi. Bai kai ya zama izinin kiran surukin mutum ba.

A cikin zango akwai muhawara ta huɗu, wadda ba ta shiga takardun hukuma. Malamai suna kallon abin ta fuskar riba, kuma a wurinsu lasisi ba ya canza hukuncin kuɗin ruwa. Suna kuma tunatar da ɓangarorin biyu: mai hali ya jinkirta biya zalunci ne, wanda ke cikin ƙunci kuma a saurara masa. Matasa sukan amsa da cewa sun ji, amma ina madadin? Susu sai ka zuba kake ɗauka, kuma ba ya zuwa da tsakar dare. Bankin da ba ruwa bai yi rassa a nan ba kamar yadda ya yi a Najeriya. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba: da yawa sun je wa manhajar ne don kada ɗan uwa ya san sun rasa. Ana cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowa ke son a ga nasa ba. Neman sirri ne ya kai su inda aka fi tona shi.

Abin da zai taɓa mutane kai tsaye

Rancen MoMo na cibiyoyi masu lasisi ba shi ne abin da ƙa'idar ta nufa ba, masu juya jari da shi za su ci gaba. Abin da zai ƙaru shi ne hanyar tantancewa: kafin a sauke manhaja, ana iya duba ko sunan kamfanin yana cikin jerin da Babban Banki ke wallafawa. Alama ta kusa ma tana cikin wayar. Manhajar rance da ta nemi ganin lambobi da hotuna, ko aka ce sai ta mahaɗin WhatsApp ake samunta, ta riga ta faɗi irin ta.

Maganar cewa bashin marasa lasisi ya faɗi, babu sanarwar da ta ce haka. Rashin lasisi laifin kamfani ne tsakaninsa da hukuma. Abin da mutum ya karɓa da ruwan da aka ɗora masa magana ce daban, kuma gaban hukuma ake warware ta. Waɗanda suka biya don a yi shiru sun sha ganin an dawo da sabon lissafi, tun da abin da ake tsorata su da shi yana nan a hannun masu shi. Wanda aka fara yi wa barazana, abin da ke taimakonsa shi ne ya ajiye hotunan saƙonnin da lambobin da aka kira shi da su da shaidar duk abin da ya biya, ya kai ƙara, sannan ya riga su sanar da na kusa da shi da bakinsa. Saƙon da ya tarar da Gwaggo ta riga ta ji labari ya rasa rabin dafinsa.

Shigowar masu lasisi tana nufin ƙarin bashi zai shiga rajistar tarihin bashi, a manne da lambar Ghana Card, wanda tun Yulin 2022 shi kaɗai bankuna ke karɓa a matsayin shaida. Ga mai biya a kan lokaci wannan riba ce, domin tarihinsa zai iya buɗe masa rance mafi girma da sauƙin ruwa. Amma a zango akwai wani ƙulli. Mutanenmu sun daɗe suna kukan wahalar samun katin, saboda tambayoyin asali da ake tsananta wa mai sunan Musulunci ko na Arewa. Da aka rufe layukan da ba su da rajista a ƙarshen Mayun 2023, gidaje da yawa sun tsira ne da katin mutum ɗaya: uwa ta yi wa ɗa, wa ya yi wa ƙane, maigida ya yi wa yaron shago. Duk rancen da aka ci a kan irin wannan layi, a takarda mai katin ne ya ci. Zai iya zuwa banki bayan shekara uku neman jarin faɗaɗa shago a ce masa sunansa ya ɓaci, a kan sidi 400 da bai taɓa gani ba.

Sai kuma jerin lambobin da aka riga aka kwashe a shekarun nan. Lasisi yana tsara wanda zai karɓi bayanai daga yanzu, ba ya dawo da waɗanda suka fita. Suna iya wucewa daga hannu zuwa hannu, kuma jeri mai ɗauke da suna da lamba da dangantaka, "Baba", "Hajiya Makola", "Malam Liman", shi ne ainihin abin da ɗan damfarar MoMo ke buƙata don ya kira mutum da sunansa ya ce ɗanka ne ya ba ni lambarka. Dokar 843 ta ba Gwaggo damar kai nata ƙorafin ga Hukumar Kare Bayanai, a matsayinta na wadda aka yi amfani da lambarta ba da izini ba, ko da telan bai kai nasa ba. Sai dai takardar ƙorafin za ta nemi sunan kamfanin, ita kuwa abin da ke hannunta lambar da ta turo saƙon ce kawai, wadda mai yiwuwa da katin wani aka yi mata rajista.